Tabo a Tafin Hannun Mama

Ni ce na fara ganin tabon. Muna wanke sitacin rogo a bakin rijiya, Mama ta tsoma hannu cikin baho, sai tsumman da ta ɗaure a tafinta ya jiƙe ya zame. A gindin babban yatsanta na dama, daidai tudun tafi, akwai wani wuri zagayayye, ja-ja, ya lotsa ciki kamar an danna yatsa a kan ƙullu. Bakinsa a yanke yake tsaf, kamar an sa wuƙa an fere fatar sama an bar ta ƙasa. Ba jini, ba ruwa.

Na ce, "Mama, mene ne wannan?"

Ta mayar da tsumman da sauri. "Tanderu ne ya ƙona ni. Kula da aikinki, Zuni."

Amma ni na san ƙuna. Duk macen da ke gasa cipa, burodinmu na rogo, tana da ita a hannu. Takan yi bororo, ta fashe, ta bushe, a manta da ita. Wannan kuwa tun Kirsimeti Mama ke ɗaure shi, ga shi har mun kusa Ista. Na kuma lura ta daina yawo ba takalmi a tsakar gida. Wata rana na leƙa tana wanke ƙafa a bayan ɗaki, na hango wani ƙarami irinsa a tafin ƙafarta.

Mu biyu ne a gidanmu, babana ya rasu tun ina goye. Cipa ce abincinmu, ita ce kuma sana'armu. Mama ta murza sitaci da cuku da ƙwai da kitse, ta gasa, mu jera a kwando mu kai bakin titi inda motocin Asunción, babban birni, ke tsayawa. Duk abin da muke da shi daga tafin hannun nan yake fitowa.

Sau ɗaya tak Mama ta taɓa ba ni labarin mahaifinta, Kaka Anacleto. Tana ƙarama aka gane yana da kuturta. Wasu mutane suka zo da keken shanu suka tafi da shi zangon kutare, can bayan duwatsu. Kafin su tafi sai da suka tara ragar kwanciyarsa da hularsa da ƙahon da yake shan terere, shayinmu na ganye da ruwan sanyi, suka cinna musu wuta a ƙofar gida, maƙwabta na kallo ta bayan shinge. Bai dawo ba. Da ta gama faɗa mini ta ce kada in sake tambayarta, ban kuwa sake ba.

Kullum kafin rana ta take, matan layinmu kan taru a gindin mangwaron gidan Madrina Porfiria su sha terere. Madrina ita ce ta riƙe ni ranar baftisma, shi ya sa ita da Mama suke kiran juna Comadre. Da yake ni ce ƙarama, ni ke zubawa. In cika ƙahon saniya da ganye, in soka bututun ƙarfe, in daka na'ana'a da saiwoyi in zuba a jug ɗin ruwan ƙanƙara. Sai in tsiyaya in miƙa wa ta damana, ta zuƙe har bututun ya yi ƙara, ta dawo mini da shi, in sake cikawa in miƙa wa ta gaba. Ƙaho ɗaya, bututu ɗaya. Aikin ya dace da ni, domin mai zubawa ba sai ta yi magana ba.

Ranar da abin ya fito fili, Ña Blásida ce ke tsokanata kamar yadda ta saba. Bakinta ba ya hutawa, gidanta kuma shi ke manne da namu. Ña muke sawa gaban sunan babbar mace don girmamawa.

Ta dubi Mama ta ce, "Wannan 'ya taki, Ña Eulogia, ranar aurenta wa zai ce wa fada a coci ta yarda? Ko ni za ta aiko?"

Madrina ta ce, "Ke za a aika? Ai sai angon ya gudu kafin ki kai ƙarshen magana."

Aka kwashe da dariya, har Mama. Tana cikin dariyar na miƙa mata ƙahon. Raɓar sanyi ta jiƙa shi, ya nemi suɓucewa, ta cafke shi da sauri, tsumman ya kwance ya faɗi a cinyarta.

Ña Blásida ce ke zaune a damanta. Ta ga tafin sarai. Dariyarta ta tsaya.

"Comadre Porfiria, kin taɓa ganin ƙuna irin wannan?"

Madrina ta kau da kai. Mama ta zuƙe ruwan ta ba ni ƙahon. Na cika na miƙa wa Ña Blásida. Ta dubi bututun, ta dubi Mama.

Ta ce, "Na gode."

A wurin terere ba a godiya sai an ƙoshi. Duk wadda ta ce ta gode, ta fita daga zagayen ke nan. Ña Blásida kuwa ko a ranar jana'iza ba ta godiya sai ruwa ya ƙare.

Washegari ta zo da ƙahonta da bututunta, wai mura ke damunta, ba ta so ta shafa wa kowa. Wasu biyu ba su zo ba sam. Da na juyo kan Mama, tun kafin in miƙa ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, 'yata." Daga ranar ba ta ƙara zuwa gindin mangwaro ba.

Magana ta bi layi. Ranar Lahadin ganyen dabino, da fada ya ce a yi wa juna gaisuwar salama, matar da ke gefen Mama ta duƙa tana gyaran takalmin jikanta har aka gama. A bakin titi, wata mai sayar da lemo da muke zama tare ta ja teburinta gaba. Ba wanda ya ambaci sunan cutar. Sunan Kaka Anacleto kawai nake ji yana tashi ƙasa-ƙasa in na wuce.

A gida Mama ta ware kwanonta da cokalinta. Da safe in na haɗa hannuwa na roƙi albarka, ta saba ɗora tafinta a kaina. Yanzu sai ta tsaya daga nesa ta zana gicciye a iska.

Na ce, "Mama, ki taɓa ni mana."

"Albarkar ta isa gare ki a haka."

Larabar Mako Mai Tsarki, makon da ke kai mu Ista, ita ce babbar ranar cipa. Ranar Juma'a ba a hura wuta, ba a girki, don haka kowane gida sai ya tanadi abin da zai ci. Layinmu duka a tanderun Madrina muke gasawa, kuma tun ina yarinya Mama ce ke murza ƙullun kowa a babban akushin katako, domin nata ba ya tsagewa a wuta. Ranar Litinin Ña Blásida ta zo ta tsaya a bakin shinge, ba ta shigo ba.

"Ña Eulogia, mun yi shawara. Bana ki huta. Kin sha wahala shekara da shekaru. In kina so ki kula mana da itace."

Mama ta ce, "Comadre ma haka ta ce?"

"Ba ta ce a'a ba."

Bayan ta tafi Mama ta daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu. Daga nan ta shiga ɗaki ta shimfiɗa mayafi a gado, ta ɗora riguna biyu, da carbinta, da hoton babana, ta ƙulle.

"Gobe likitar fata za ta zo ɗakin shan magani. Zan kai kaina. Ba zan zauna a zo har ƙofar gida a ƙona mana kaya kina kallo ba. Ke ki koma wurin Madrina, ba za ta kore ki ba."

"Mama, an ce yanzu ba a tafiya da mutane. An ce ƙwayoyi ake bayarwa."

"An ce. Ranar da suka zo wa babana ma cewa suka yi dubawa kawai za su yi."

Ina da magana cike da ciki, amma ta ƙi fitowa. Haka nake tun ina makaranta, in malama ta kira sunana sai in sunkuyar da kai. Da safe dai da Mama ta ɗauki ƙunshin, na karɓe shi daga hannunta na ɗora a ka. Ta ce in koma. Na yi gaba abina, dole ta biyo ni.

Ɗakin shan maganin yana bayan coci. Mutane na zaune a benci, suka matsa mana fiye da yadda muke bukata. Mama ta zauna a ƙarshe, hannunta a cikin hammata. Duk motar da ta wuce a waje sai ta ɗaga kai.

Likitar ba ta kai Mama shekaru ba, siririya ce mai tabarau. Da ta ga Mama na ƙoƙarin haɗa kalmomin Sifaniyanci, sai ta juya zuwa Guarani, harshenmu na gida.

"Kwance mini in gani, Ña Eulogia. Wannan ƙunshin fa? Tafiya za ku yi?"

Mama ta ce, "Ke za ki faɗa mana."

Likitar ta matso kusa da ita. Ta kama tafin da hannunta, ba safar roba, ta juya shi wajen taga. Mama ta nemi janyewa, ta riƙe. Ta sa gilashi ta daɗe tana duba bakin tabon. Ta duba na ƙafa. Ta duba bayanta da kunnuwanta da girarta, ta lalubi jijiya a gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa tana tambaya ko da zafi.

"Yanzu rufe ido. Kada ki buɗe. Duk inda kika ji an taɓa, ki nuna mini da yatsa."

Ta murza auduga ta yi mata tsini. Ta taɓa wuyan hannu, Mama ta nuna. Ta taɓa ƙaramin yatsa, ta nuna. Sai ta kai audugar tsakiyar tabon, a hankali, ko ƙuda ya fi ta nauyi.

Mama ba ta motsa ba.

Na ji ƙunshin ya yi mini nauyi a cinya. Likitar ta ɗaga kai ta dubi fuskar Mama, ta ga leɓenta na rawa.

"Ña Eulogia, ba ki ji ba ne, ko tsoron faɗa kike yi?"

Mama ta ce a hankali, "Ina tsoron ko zuciyata ce ke yi mini ƙarya." Sai ta ɗora yatsa daidai wurin.

Likitar ta sake, ta sake, wani lokacin ta taɓa, wani lokacin ta ɗaga audugar a iska ta ce, "Yanzu fa?" Mama ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Ta kawo 'yan kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi, ɗaya da na sanyi. Da na ɗumin ya taɓa tabon, Mama ta zabura.

"To buɗe ido. Wannan ba kuturta ba ce."

Mama ta buɗe ido ta kalle ta.

"Tabon kuturta mutuwa yake yi, ba ya jin taɓi. Naki ya fi sauran hannun ji, domin fatar sama mai kauri ce ta yi siriri a wurin. Abu ne da ba a cika gani ba. Ni kaina sau ɗaya na taɓa ganinsa, a hannun wata tsohuwa a Asunción. Ba a san takamaimai abin da ke kawo shi ba. Ba a ɗauka, ba a shafa wa kowa. Mai yiwuwa ya zauna a haka har tsufanki."

"Babana ya yi kuturta."

"Na ji. Ko da ita ce, magani zan ba ki ki koma gida, an daina raba mutum da iyalinsa. Amma ba ita ba ce. Ina so in ɗan yanki fatar in aika a duba, don in tabbatar da sunan abin. Sai dai in na yanka yau, ba ke ba murza cipa gobe. Ki dawo bayan Ista. Kuma ki daina ɗaure shi da tsumma, ba abin ɓoyo ba ne."

A hanyar komawa Mama ta tsaya a gindin wani itace ta yi kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ɗauka an gama ke nan. Amma da muka iso layinmu, Ña Blásida na shanya a igiya, Mama ta faɗa mata abin da likita ta ce.

Ña Blásida ta ce, "Madalla. Ita likitar, a nan za ta ci cipar Juma'a, ko a Asunción?"

Mama ta shiga ɗaki ta ajiye ƙunshin a kan gado. Ba ta kwance shi ba.

Ranar Laraba da sassafe na ce mu tafi gidan Madrina. Ta ce ta fi so ta zauna. Na ɗauki kwandon ƙwai da cukunmu na tsaya a ƙofa, na ƙi tafiya, har ta gaji ta sa takalmi.

Tsakar gidan Madrina cike take. An hura tanderu, yara na yanko ganyen ayaba da za a shimfiɗa wa cipa, an zuba sitaci a babban akushi amma ba a fara murzawa ba. Da muka shigo hira ta ragu. Mama ta gaida kowa daga nesa, ta wuce wajen tulin itace ta zauna a kan kututture. Hannunta ba tsumma, amma ta dunƙule shi.

Madrina ta ce, "Zuni, kafin a sa hannu a ƙullu, jiƙa mana maƙogwaro."

Na haɗa terere. Matan suka jawo kujeru suka yi zagaye, kututturen Mama ya zama kamar yana ciki kamar yana waje, tsakanin wata maƙwabciya da Madrina. Na fara daga damana. Ƙahon na tafiya yana dawowa, yana matsawa kusa da ita. Na san in na tsallake ta yau, an tsallake ta ke nan har abada, a terere, a coci, a bakin titi. Ƙunshin kuma yana nan a kan gado.

Maƙwabciyar ta sha ta dawo mini da ƙahon. Na cika. Mama ta buɗe baki, na ga godiyar na zuwa.

Na ce, "Mama, naki ne." Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har kaza ta tashi daga ƙarƙashin tebur. Na kamo hannunta na dama, na buɗe yatsun, na ɗora ƙahon a kan tabon, na rufe da nawa hannun.

Ta dube ni. Sannan ta sa baki ta zuƙa, har bututun ya yi ƙara.

Na karɓa na sake cikawa. Ban goge bututun ba, ba a gogewa. Na miƙa wa Madrina.

Ba ta karɓa ba. Hannuna ya tsaya a iska da ƙahon.

Ña Blásida ta ce, "Comadre, kina da jikoki."

Madrina ta ce, "Na san adadinsu." Ta juya wajen Mama. "Comadre, ni na san babanki, Don Anacleto. Ina budurwa na gan shi ya ɗauki garwashi da yatsu ya kunna taba, yana ta hira da babana, naman na ƙauri bai sani ba. Ranar uwata ta hana mu shiga gidanku. Kawo hannun."

Mama ta miƙa. Madrina ta tsoma yatsu cikin jug ta ciro guntun ƙanƙara, ta ce mata ta kalli sama, ta danna shi a tsakiyar tabon.

Mama ta yi ƙara ta fizge hannu. "Porfiria! Kin haukace ne? Har cikin haƙorina!"

Wata ta fashe da dariya ta toshe baki. Madrina ta jefar da ƙanƙarar, ta karɓi ƙahon daga hannuna, ta zuƙe shi tas.

"Ruwan nan ya yi na'ana'a da yawa, Zuni. Zuba wa ta gaba."

Ta gaba ta ɗan yi jim, ta karɓa ta sha. Ta bayanta ma haka. Da na iso kan Ña Blásida ta ce ta gode, ta tashi ta kwashi sitacinta da ƙwanta a baho, ta ce ita a gida za ta murza nata. Wata ta bi ta. Ba wanda ya tsayar da su.

Madrina ta tura akushin da ƙafa zuwa gaban Mama. "Tanderu ba zai jira ki ba, Comadre."

Mama ta wanke hannu. Ta fasa ƙwai, ta marmasa cuku, ta nutsa tafin cikin ƙullun. Da gishiri ya taɓa wurin sai ta ja iska ta haƙora, ta ci gaba. Ni ina gefe ina naɗa zobba da 'yan tsuntsaye ina jerawa a ganyen ayaba, har aka fitar da gashin farko.

Da yamma muka koma gida da kwando cike. Ta shinge na hango Ña Blásida tana jera nata a faranti, duk sun tsage. Ta ga ina kallo ta juya baya. Har yau ba ta shan terere in Mama na zagayen.

Mama ta shiga ɗaki. Na ji tana kwance ƙullin mayafin, ta mayar da hoton babana kan ƙusa. Na tsaya a ƙofa na haɗa hannuwa, ko da yake ba safiya ba ce. Ta zo ta ɗora tafinta a kaina. Yana ƙamshin cuku da hayaƙi, kuma ta daɗe ba ta ɗauke ba.